BABI NA UKU: GASA DA FARAUTAR LAMBAR YABO A TARIHIN REDIYON SHA'AWA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin abin da ake nufi da rediyon sha'awa, watau ƙaramar tashar da mutum yake kafawa a gidansa da izinin hukuma domin ya yi magana da masu irin sha'awarsa a wasu garuruwa da ƙasashe, ba tare da neman riba ba. A wannan babi za a dubi gasannin da waɗannan mutane suke shiryawa a tsakaninsu, da kuma lambobin yabon da suke farauta. Tambayar da babin ya sa a gaba ita ce: ta yaya mutanen da a farkon shekarar 1921 suka kasa jin juna a tsallaken Tekun Atilantika suka kai matsayin da mutum ɗaya zai haɗu da dubban tashoshi cikin kwana biyu? Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce na'urori sun inganta. Wannan gaskiya ne, amma bai ƙare magana ba. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa gasa da lambar yabo sun ba mai rediyo ma'aunin da yake komowa kowace shekara, wanda yake nuna masa inda ya gaza, kuma a kan wannan ma'auni ne ya riƙa gyara kunnensa da hannunsa.

Akwai kalmomi uku da za su yi ta maimaituwa. "Haɗuwa" na nufin tashoshi biyu su ji juna su yi musayar bayani. "Lakabin kira" shi ne jerin haruffa da alƙaluma da hukuma take ba kowace tasha. "Rajista" kuwa ita ce littafin da ake rubuta kowace haɗuwa da lokacinta.

3.1 Gwaje-gwajen Tsallake Teku

A shekarar 1912 gwamnatin Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa masu rediyon sha'awa mallakar lasisi, ta kuma kora su zuwa zangon mita 200 da abin da ya gaza haka. A lokacin masana na ganin wannan zango ba shi da amfani wajen kai saƙo nesa. Saboda haka sai suka koma miƙa saƙo hannu da hannu, tasha ta ba tasha, har ya isa inda aka nufa. Domin tsara wannan aiki ne Hiram Percy Maxim da Clarence Tuska suka kafa ƙungiyar ARRL a garin Hartford a 1914, mujallarta mai suna QST kuma ta fara fitowa a Disambar 1915. A Ingila an riga an kafa wata ƙungiya a Landan tun 1913, wadda daga baya ta zama RSGB.

Gwajin farko na jin tashoshin Amurka a Ingila an yi shi ne a Fabrairun 1921, kuma bai yi nasara ba. Maimakon a bar maganar, sai ARRL ta tura ɗaya daga cikin gwanayenta na na'urar karɓa, Paul Godley, zuwa Birtaniya. A Disambar wannan shekara ya kafa tanti a wani fili a Ardrossan ta ƙasar Sikotilan, cikin sanyi da ruwan sama, ya ji tashoshin Amurka kusan 30. Tashar 1BCG ta garin Greenwich a jihar Connecticut ta aiko masa da cikakken saƙo. Abin lura a nan shi ne, akasarin tashoshin da ya ji masu amfani da sabuwar na'ura mai kwalbar lantarki ne, tsofaffin masu tartsatsi kuwa kaɗan ne suka tsallako. Wannan sakamako ya hanzarta mutuwar na'urar tartsatsi fiye da duk wani rubutu da aka yi a kanta.

Da aka sake gwajin a ƙarshen 1922, Turawa sun ji tashoshin Amurka sama da 300. A 1923 wani Bafaranshe mai suna Léon Deloy, mai lakabin 8AB a garin Nice, ya tafi Amurka takanas ya ga yadda suke aiki, ya koma gida ya sauka zuwa zangon da ke kusa da mita 100. A ƙarshen Nuwambar wannan shekara ya yi haɗuwa ta gaba da gaba da Fred Schnell da John Reinartz. Kafin shekara ta zagayo, a Oktoban 1924, wani matashi Cecil Goyder ya yi magana daga makarantar Mill Hill ta Landan da Frank Bell a ƙasar Niyu Zilan. Wannan gajeren zango shi ne wanda Bahaushe ya sani daga baya a matsayin hanyar kama BBC da sauran gidajen rediyon ƙetare.

Waɗannan gwaje-gwaje ba gasa ba ne a ma'anar da aka sani daga baya, amma ƙashin bayan gasa yana cikinsu: an sa rana, an sa ƙa'ida, an buga sunayen waɗanda aka ji a mujalla, wanda bai ga lakabinsa ba kuma ya san yana da aiki a gabansa kafin baɗi.

3.2 Haihuwar Gasa

Bayan taron ƙasashen duniya kan rediyo da aka yi a Washinton a 1927, wanda ya keɓe wa masu rediyon sha'awa zangunan mita 160 da 80 da 40 da 20 da 10, sai gwajin shekara-shekara ya rikiɗe ya zama gasa mai maki. Gasar ARRL ta miƙa saƙo tsakanin ƙasashe ta soma a ƙarshen shekarun 1920, a 1936 kuma ta ɗauki sunan da aka san ta da shi na gasar DX. Haruffan DX a bakin 'yan tangarahu suna nufin tasha mai nisa. A 1930 aka fara gasar Sweepstakes tsakanin tashoshin Amurka da Kanada, a 1931 aka fara gasar BERU ta ƙasashen daular Birtaniya, sa'an nan a 1933 F. E. Handy na ARRL ya shirya ranar fita fili, inda ake barin gida a kafa tasha a daji da batir ko janareta.

Ya kamata a tsaya a kan Sweepstakes, domin ita ce ta fi nuna cewa tun farko horo aka nufa. Bayanin da ake musaya a cikinta an gina shi ne a kan siffar kan saƙon tangarahu. A tsarinta na baya-bayan nan, mai gasa yana aika lambar haɗuwa, da harafin da ke nuna ajinsa, da lakabin kiransa, da shekarar da ya fara samun lasisi, da yankinsa. Babu wanda zai iya cankar waɗannan duka, dole sai an saurara. Mutumin da ya yi wannan sau ɗari biyar a ƙarshen mako ɗaya ya sami horon da ba zai samu ba a watanni na hira. Haka ita ma ranar fita fili, manufarta ita ce idan ambaliya ko guguwa ta yanke waya da wutar lantarki, a sami mutanen da suka saba ɗaga eriya cikin sa'o'i kaɗan.

3.3 Kunne da Hannu

Yawancin gasannin farko da bugun Mos aka yi su, watau harshen ɗigo da ja na tangarahu, kuma a nan ne batun atisaye ya fi samun nazarin masana. Tun kafin rediyo, a 1897 da 1899, William Bryan da Noble Harter na Jami'ar Indiana sun bi diddigin masu koyon tangarahun waya mako-mako. Sun gano cewa saurin aikawa yana hawa ba tare da wata matsala ba, amma saurin karɓa yakan hau, sa'an nan ya tsaya cik na tsawon makonni kamar an kai maƙura, kafin ya sake tashi. Bayanin da suka bayar shi ne, ɗalibi yana farawa da jin harafi-harafi, kuma ba zai wuce wani sauri ba sai ranar da kunnensa ya koma jin kalma ɗungurungum, daga nan kuma ya koma jin jimla.

Wannan tsayawa ta zama abin tsoro ga masu neman lasisi, musamman a Amurka inda daga 1951 aka yi matakan jarrabawa na kalma 5 da 13 da 20 a minti ɗaya. Mutane da yawa sun maƙale tsakanin mataki na farko da na biyu. Dalili kuwa a fili yake: wanda ya koyi Mos a hankali yana ƙirga ɗigo da ja ne a zuci, ya duba allon da ya haddace, sa'an nan ya rubuta harafi. Wannan hanya tana aiki a kalma 5, amma tana rushewa idan an doshi kalma 10, domin babu lokacin ƙirga. Ke nan abin da ya yi wata shida yana maimaitawa shi ne ya zame masa tarnaƙi.

Masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Jamus, Ludwig Koch, ya kawo mafita a 1936. A tsarinsa ana fara wa ɗalibi da haruffa biyu kacal, amma da cikakken sauri, yadda ba zai iya ƙirgawa ba sai dai ya ji amon harafin. Idan ya kama kashi 90 cikin ɗari daidai, sai a ƙara masa na uku. Akwai kuma hanyar da ake jingina wa Donald Farnsworth a shekarun 1950, inda ake buga kowane harafi da sauri amma a bar tazara mai faɗi tsakaninsa da na gaba, a riƙa rage tazarar sannu a hankali. A 1958 Fred Keller ya yi rubutu yana musanta cewa tsayawar da Bryan da Harter suka gani wajibi ce ga kowane ɗalibi. A ganin wannan nazari, darasin tarihi a nan ya fi ƙarfin karin maganar nan ta yau da gobe sai iyawa, domin an ga cewa yau da gobe a kan gurguwar hanya tana iya hana iyawa.

Iyakar da kunnen mutum zai iya kaiwa an gan ta a 1939, lokacin da Ted McElroy ya karɓi kalma 75.2 a minti ɗaya a wata gasa a garin Asheville. Masu irin wannan sauri sukan bar hannunsu a baya da kalmomi, suna buga abin da ya wuce a tafireta alhali kunnensu yana kan abin da ke shigowa. Sai dai gasar kan iska tana bukatar wata gwaninta dabam. Lakabin kira ba kalma ba ne da za a canka, kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Yana zuwa ne cikin turmutsutsun tashoshi ashirin ko hamsin da ke kira a lokaci ɗaya, ga ƙugin tsawa, ga sautin yana dusashewa yana dawowa. Tsamo lakabi ɗaya cikakke daga wannan hayaniya a karon farko shi ne abin da ya raba gwani da ɗan koyo, kuma shi ne ke ba gwanaye damar yin haɗuwa sama da 200 a sa'a ɗaya.

3.4 Ƙirgen Ƙasashe

Gasa kwana ɗaya ce ko biyu, farautar lambar yabo kuwa takan ci shekaru. Ta farko mai muhimmanci ita ce WAC ta 1926, wadda ake ba wanda ya haɗu da dukkan nahiyoyi. Da wannan ta yi sauƙi, sai aka koma ƙirga ƙasashe, nan kuma gardama ta tashi kan abin da ake kira ƙasa. A mujallar QST ta Oktoban 1935 Clinton DeSoto ya ba da shawarar a ɗauki duk wani yanki da ya keɓanta ta fuskar mulki ko ta fuskar wuri a matsayin ƙasa. A kan wannan aka kafa lambar DXCC a 1937, ga wanda ya tabbatar da haɗuwa da ƙasashe 100. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an share allo, aka sake ƙirga daga 15 ga Nuwamba, 1945. A wannan lissafi Alaska da Hawai dabam suke da Amurka, Sikotilan dabam da Ingila, har tsibirin Bouvet na ƙasar Norway, wanda ba mai zama a cikinsa sai tsuntsaye da dabbobin ruwa, ƙasa ce mai zaman kanta. An ƙara Sudan ta Kudu a 2011, da aka ƙara Kosovo a 2018 kuma jimlar ta kai 340.

Ɗari na farko ba ya wuya ga mai eriya mai kyau. Wahala tana farawa ne bayan haka, kuma abin da take koyarwa shi ne saurare da sanin sararin samaniya. Dole mafarauci ya san cewa zangon mita 10 yana buɗewa ne da rana, kuma ya fi kyau a shekarun da tabon rana ya yawaita, abin da ke zagayowa kimanin kowace shekara 11. Mita 80 kuwa na dare ne, kuma yakan yi abin mamaki na 'yan mintoci a daidai fitowar rana ko faɗuwarta. Dole ya san cewa tashar da ake rububi takan yi kira a wuri ɗaya ta saurara a wani, don haka sai ya gano inda wanda aka amsa wa na ƙarshe ya tsaya kafin ya buɗe baki. Da ARRL ta fito da DXCC ta zanguna biyar a 1969, sai ta tilasta wa waɗanda suka ƙoshi a mita 20 su koma ɗalibai a mita 40 da 80. Hujjar kowace haɗuwa ita ce katin shaida na QSL da ake aikawa ta gidan waya, har zuwa 2003 lokacin da aka buɗe hanyar tabbatarwa ta intanet mai suna LoTW.

A nan ne Afirka ta Yamma ta shigo labarin, kodayake galibi a matsayin abin farauta. A zamanin mulkin mallaka lakabin tashoshin Nijeriya yana farawa da ZD2, na Gwalkwas da ZD4, kuma akasarin masu su Turawa ne ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni. Bayan samun mulkin kai Nijeriya ta koma 5N, Gana 9G, Nijar 5U, Kamaru TJ, Chadi TT. A gasar CQ WW, wadda mujallar CQ ta fara a 1948, an raba duniya shiyya 40, Nijeriya da Nijar da Gana suna shiyya ta 35. Ana ba da maki 3 ga haɗuwa da wata nahiya, maki 1 kuwa ga wata ƙasa a nahiya ɗaya, sa'an nan a ninka jimla da yawan ƙasashe da shiyyoyin da aka samu a kowane zango. Tashar da ke Yamai ko Akara tana da Turai a arewa da Amurka a yamma, kowace haɗuwa da su kuma maki 3 ce. Wannan ne ya jawo wata ƙungiyar Ingilishi da Amurkawa mai suna VooDoo, wadda tun daga shekarun 1990 ta riƙa zuwa kowace Nuwamba tana gasa daga Gana da Togo da Burkina Faso da Mali, a farkon shekarun 2000 kuma daga Nijar da lakabin 5U5Z. Sukan ajiye kayansu a yankin, shekara na zagayowa su ɗauko su a mota zuwa ƙasa ta gaba.

3.5 Rajista ta Zama Malama

Har zuwa shekarun 1980 da fensir ake cika rajista, mai gasa kuma yana riƙe da wata takarda ta dabam don kada ya maimaita tasha ɗaya. Alƙalai ba su da ikon duba kowace haɗuwa, saboda haka wanda ya rubuta lakabi ba daidai ba sau da yawa yakan ci makinsa ya tafi, ba tare da shi kansa ya san ya yi kuskure ba. Manhajar CT ta Ken Wolff, wadda ta bazu a ƙarshen shekarun 1980, da tsarin Cabrillo na miƙa rajista da ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1990, sun canza wannan. Kwamfuta ta sami damar gwama rajistar kowa da ta kowa. Kwamitin CQ WW ya koma aika wa kowane ɗan gasa rahoton kansa: ga lakabin da ka ji ba daidai ba, ga ainihinsa, ga wanda ka ce kun haɗu amma ba ka cikin littafinsa. Ana soke haɗuwar, a kuma ci shi tarar wasu maki.

Muhimmancin wannan ga koyo ya fi ƙarfin a faɗa a taƙaice. Mutum zai ga cewa yana rikita harafin S da H, waɗanda ɗigo ɗaya ne ya raba su, ko kuwa kurakuransa suna ninkuwa ne bayan sa'a ta talatin ba barci. Daga nan ya san abin da zai yi atisaye a kai. Manhajoji irin su Morse Runner na Alex Shovkoplyas sun ba shi damar kwaikwayon turmutsutsun gasa a ɗakinsa kowace rana, maimakon jiran Nuwamba.

Amma kwamfutar da ta zama malama ita ce kuma ta riƙa karɓe aikin ɗalibin. Tsarin PacketCluster na shekarun 1980 ya sa an daina neman tasha da kunne, sai a karanta inda take a allo. A 2008 manhajar CW Skimmer ta fara karanta Mos da kanta. Taron duniya na 2003 ya ɗauke wajabcin jarrabawar Mos, Amurka ta soke tata a 2007. A 2017 Joe Taylor, wanda ya ci lambar Nobel a 1993, tare da Steve Franke suka fito da FT8, inda kwamfutoci biyu ke musayar bayani kowace daƙiƙa 15, har da sautin da kunne ba ya iya ji. Masu shirya gasa sun amsa wannan da raba aji: mai taimakon allo dabam, wanda ya dogara da kunnensa dabam.

3.6 Gwaninta ko Dukiya

Sukar da aka daɗe ana yi wa gasa ita ce mai hasumiya da faɗin fili da wuri mai kyau shi ke cinyewa, ko da bai fi kowa iyawa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kamar yadda lissafin shiyya ta 35 ya nuna. Domin warware wannan aka shirya gasar WRTC a birnin Seattle a 1990. Ana gayyato gwanaye bibbiyu daga ƙasashe dabam-dabam zuwa yanki ɗaya, a ba su ƙarfin wuta iri ɗaya. John Dorr da Doug Grant ne suka ci ta farko. A gasannin da suka biyo baya ana ajiye alƙali a gefen kowace tawaga har a gama gasar, ba a kuma ba su lakabin da za su yi amfani da shi sai mintoci kaɗan kafin farawa, don kada abokansu na gida su gane su su fifita su.

Dan Street da Jeff Steinman sun ci gasar sau uku a jere, a San Francisco a 1996, a Sulobeniya a 2000, a Finlan a 2002, watau a wurare uku da yanayin iskarsu bai yi kama da juna ba, da tashoshin da ba nasu ba. Duk da haka an ci gaba da ƙorafin cewa gidajen da ake ara ba daidai suke ba, wani a kan tudu, wani a kwari. A 2010 Rashawa suka kai kowa fili ɗaya shimfiɗaɗɗe a kusa da Masko, kowace tawaga da tantinta da janaretanta da eriya iri ɗaya. Tawagar Rasha ce ta zo ta ɗaya a wannan shekara, a 2014 da aka yi a arewa maso gabashin Amurka kuma Amurkawa suka ci. A 2018 aka yi a Jamus, 'yan ƙasar Lituwaniya biyu suka ɗauke kambin.